Littafin Aikin Bincikena: Yadda Masu Koyon Sa Barci Ke Ganin Ɗakin Tiyata

Litinin, 13 ga Janairu 2025

Yau takardar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike ta fito, bayan zaryar da nake yi tun watan Nuwamba. Daga yau zan riƙa rubuta yadda aikin ke tafiya, don kada in manta dalilin kowace shawara da na yanke, kuma don wanda zai biyo bayana ya tarar da sawu.

Ga wanda bai san harkarmu ba: ni likita ce mai neman ƙwarewa a fannin sa barci, a nan Kaduna. Mu ne ke tsayawa ta wajen kan majiyyaci idan za a yi masa aiki, mu gusar da hankalinsa ko mu kashe masa rabin jiki da allurar gadon baya, mu kula da numfashinsa da bugun zuciyarsa har a ɗinke, sannan mu tashe shi. Na wuce jarrabawar kashi na ɗaya, ina matakin ƙarshe. Kwalejin ƙwararrun likitoci ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979 kuma take Ijanikin a Legas, ba ta ba mutum shaidar ƙwarewa sai ya kare kundin binciken da ya yi da hannunsa. Yawancin sa'o'ina sun ɗauki kwatanta magunguna: wanne ya fi hana rawar sanyi bayan allurar baya, wanne ya fi hana amai. Aiki ne mai amfani. Ni dai na zaɓi in tambayi masu koyo irina yadda suke ganin ɗakin da ake koya musu aikin.

Wani dare ne a shekarata ta farko ya kai ni ga wannan. Wajen ƙarfe biyu aka kawo wata mai naƙuda tana jijjiga, aka ce sai an ciro ɗan yanzu. Na kira wanda ke gaba da ni, waya ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Daga baya na ji yana wani ɗakin da wanda ya yi haɗarin mota. Fuskar matar da harshenta a kumbure. Na zura bututun numfashi hannuna na rawa, Allah ya taimake ni ya shiga. Uwa da ɗa suka rayu. Da safe kowa sai sannu da ƙoƙari, har aka ce na fara zama likita. Babu wanda ya zaunar da ni ya tambaye ni me na yi, me na bari, me zan yi da a ce bututun ya ƙi shiga. Na yi mako guda ina jin daɗin yabo, sannan na gane abin da na kwasa a daren tsoro ne, ba ilimi ba.

Mu ɗin ma ba mu da yawa. A 2017 tarayyar ƙungiyoyin likitocin sa barci ta duniya ta ce kowace ƙasa na buƙatar aƙalla likita 5 na wannan fanni ga mutum 100,000, kuma Najeriya ba ta kai ko 1 ba. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2018, wanda ya bi majiyyata sama da 11,000 a ƙasashen Afirka 25, ya gano cewa wanda aka yi wa tiyata a nahiyarmu ya fi fuskantar mutuwa ninki biyu bisa matsakaicin duniya, alhali majiyyatanmu sun fi ƙuruciya. Idan 'yan ƙalilan ɗin da suka shigo fannin nan a cikin tsoro ake renonsu, ya kamata a ce akwai takardar da ta nuna haka.

Talata, 21 ga Janairu

Na zauna da farfesan da ke duba aikina kan ma'aunin da za mu ɗauka, wato takardar tambayoyin da ke auna yadda masu koyo ke ganin wurin da ake koya musu. Tsatson yawancin irin waɗannan ma'aunai ɗaya ne, Jami'ar Dundi a Sikotland. A can Sue Roff da abokan aikinta suka fitar da DREEM a 1997, mai jimla 50, don ɗaliban likitanci. PHEEM ya biyo baya a 2005 don likitocin da ke horo a asibiti, jimla 40 a kashi uku: 'yancin aiki, koyarwa, da tallafin zamantakewa. Tsakanin biyun, a 2004, Holt da Roff suka fitar da ATEEM, wanda aka gina musamman don masu koyon sa barci. Shi ma jimla 40 ne. Mutum ya karanta kowace, ya zaɓi ɗaya cikin biyar, daga "na yarda ƙwarai" mai maki 4 zuwa "sam ban yarda ba" mai 0, da "ban tabbata ba" a tsakiya mai maki 2. Jimillar maki 160. Ya rabu biyar: 'yancin aiki, yanayin zama da mutane a tiyata, nauyin aiki da sa ido da tallafi, malamai da koyarwarsu, sai damar koyo.

Farfesa ya fi karkata ga PHEEM, domin an yi amfani da shi a ƙasashe da yawa, kwatanta sakamako zai yi sauƙi. Na ce, "Ranka ya daɗe, mu ajinmu ba a bakin gadon marasa lafiya yake ba. Tsakanin kan majiyyaci da injin yake, malami ɗaya da ɗalibi ɗaya, ga likitan fiɗa ya wanke hannu yana jiran mu." Ya yi shiru, sannan ya ce, "To Dakta, ki ɗauki ATEEM. Amma kada ki taɓa jimlolinsa. Ranar da kika canza su, ya tashi daga ATEEM ya koma naki, kuma ba wanda zai yarda da kwatancenki."

Muka tsaya a kan haka: ATEEM yadda yake, sai shafi na biyu mai 'yan tambayoyi da zan aro daga PHEEM da waɗanda zan ƙara da kaina, makinsu daban.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Gwajin farko. Mu bakwai muka haɗu a falon wata ƙawata a Malali, hazo ya rufe gari, kowa da rigar sanyi. Na roƙi kowa ya karanta jimla a bayyane ya faɗi abin da ya fahimta kafin ya zaɓi amsa. Na yi zaton awa ɗaya zai ishe mu. Sai da muka yi la'asar a gidan.

Shafi na biyu ne ya fi cin lokaci. A PHEEM akwai jimlar da ke tambaya ko ana yawan kiranka ba bisa ƙa'ida ba ta ƙaramar na'urar da likitocin Ingila ke ratayawa a ƙugu. Mu ba mu da ita. Wayarka ce, da katinka, kuma lambarka tana hannun kowa daga mai gadi har ungozoma. Akwai wadda ke tambaya ko sa'o'in aikinka sun dace da yarjejeniyar da aka yi wa ƙananan likitocin Birtaniya a 1991. Wani ƙanenmu ya ce shi abin da ya sani shi ne in ka kwana a asibiti, da safe ka ci gaba da jerin tiyatar ranar har a gama. Na sake rubuta ta kai tsaye: bayan kwanan aiki, ana sallamarka ka huta? Tambayoyin abinci da ɗakin kwana na masu aikin dare kuwa na bar su, don sun zauna daram kamar a nan aka rubuta su.

Inda muka yi doguwar muhawara shi ne jimlar wariyar launin fata. A wurinmu ba launi ba ne. Ƙabila ce, da addini, da batun ɗan jiha da baƙo. Mutum biyu suka ce in cire ta, kada in tono abin da zai hana a ba ni haɗin kai. Wata daga kudancin jihar ta ce in na cire ta, to na yanke hukunci ke nan a madadinta cewa babu matsala. Duk wanda ya zauna a Kaduna ya san kogin nan ba unguwanni kaɗai ya raba ba. Na bar tambayar, cikin lafazi mai taushi, kuma ina ganin daidai na yi.

Na ƙara uku nawa: ɗaukewar wuta ana tsakiyar aiki, yankewar iskar oksijin, da samun na'urar yatsa mai auna iska a jini a kowane tebur. Wanda ya tsara ma'auni a inda waɗannan ba sa yankewa ba zai tuna da su ba, amma a nan su ne ke yanke ko malami zai samu sararin koyarwa ko hankalinsa na kan janareta.

Batun harshe: takardar za ta zauna da Turanci. A cikinmu akwai Hausawa, Bajju, Atyap, Gbagyi, Nufawa, Yarbawa da Ibo, kuma da Turanci duk muka yi karatu. Amma na lura da wani abu a falon nan. Da Turanci kowa ke karanta jimla ya ce ya yarda. In an zo ba da labarin abin da ya faru da shi, sai harshe ya juye Hausa, kuma labarin ba ya tafiya da amsar.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Kwana biyu ina fama da shafin bayanin mai amsawa. Na fara da abin da kowa ke sawa: shekaru, jinsi, aure, mataki, asibiti, shekarar da aka fara horo. Sai na gwada cike shi da bayanina, na ga ko ban rubuta suna ba na rubuta suna. Mata a matakin ƙarshe a sashenmu ba mu cika yatsun hannu ɗaya ba. Mace, mai aure, matakin ƙarshe, asibiti kaza: an gama, kowa ya san ko wace ce. Kuma waɗanda za ta faɗi ra'ayinta a kansu su ne ke sa hannu a littafin aikinta, su ne ke rubuta wa kwaleji cewa ta isa zama jarrabawa. Baki shi ke yanka wuya, kowa a cikinmu ya san wannan tun ranar da ya shigo.

Na cire shekaru, na cire aure, na cire shekarar farawa. Saura mataki da jinsi. Asibitoci ukun da zan bi na ba su lamba, kuma na rubuta a takardar neman yarda cewa ba zan taɓa haɗa abu ukun a jadawali ɗaya ba. A nan ma ba zan ambaci sunan ko ɗaya ba.

Sai rubutun hannu. Kullum muna karanta takardun juna na lura da majiyyaci, na san rubutun kowa a sashenmu, su ma sun san nawa. Don haka takarda alama kawai za a yi mata. Wanda ke da ƙarin magana, akwai adireshin Google Forms a ƙasa, na kashe wurin da ke karɓar imel. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta wajabta mini kiyaye abin da na tara, amma ko babu doka, waɗannan mutanen da su nake cin abinci.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Na je Panteka an ƙera mini akwatunan ƙarfe uku, kowanne da tsaga a sama da wurin kwaɗo. Maƙerin ya tambaya ko na asusun masallaci ne. Makullan suna wurina ni kaɗai. Na ajiye kowanne a ɗakin canza kaya, ba a ofis ba, inda mutum zai jefa takarda ba wanda ya gan shi.

Talata, 11 ga Maris

Azumi ya kai kwana goma sha ɗaya, zafi ya sauko, ga jarrabawar kwalejoji ta matso. Takardu na dawowa a hankali. Na girgiza akwatin asibiti na biyu, da ƙyar na ji motsi.

Shugaban sashe a can ya kira ni, da kyakkyawar niyya, ya ce in kawo takardun taron safe ya raba da kansa, kowa ya cike kafin ya tashi, a gama a wuce wurin. Na san da na yarda da yau na samu adadin da nake nema. Na ce, "Yallabai, na gode ƙwarai, amma kwamiti ya sharɗanta kada babba ya kasance a wurin." Gaskiya ne, haka sharaɗin yake, ni na rubuta shi. Ya ce yaran nan ba sa tsoronsa, kuma na yarda shi haka yake gani. Ba ma sai tsoro ba. Kara ta isa. Yaron da aka rena da cewa ba a kushe malami ba zai zauna yana kallon furfurar malaminsa ya yi alama a kan "ban yarda ba". Hannunsa zai tafi tsakiya, ya zaɓi "ban tabbata ba", ya fita lafiya da kowa. Rensis Likert da ya ƙirƙiro irin wannan ma'auni a 1932 ya ajiye tsakiyar ne don wanda ba shi da ra'ayi. A wurinmu nan ne mai kawaici ke fakewa.

Na zaɓi in jira. Ina tura tunatarwa a zaurenmu na WhatsApp sau ɗaya a mako, ba na kiran sunan kowa.

Talata, 8 ga Afrilu

Bayan Sallah na buɗe akwatuna. Abin ya fi yadda na ji tsoro, bai kai yadda na so ba. Uku na ware, domin an bi layin tsakiya daga jimla ta farko har ta arba'in. Zan ambace su a kundin, ba zan ɓoye ba.

Na shigar da amsoshin a Excel sau biyu, rana daban-daban, na kwatanta. A nan na kama kuskure: jimlolin da aka rubuta a juye, irin wadda ke cewa likitocin fiɗa ba sa son hayaniyar koyarwa a tiyata, dole a juya makinsu, wanda ya yarda ƙwarai ya samu 0. Na manta da ɗaya a zagayen farko. Na gyara, na sa wa ginshiƙanta launi.

Ba zan kawo lambobi a nan ba sai kwaleji ta gani. Amma akwai fasalin da ya hana ni barci. Ɓangaren 'yancin aiki ya fi kowanne maki. Ɓangaren sa ido da tallafi shi ne a ƙasa. A takarda ɗaya, da biro ɗaya, mutum ya yarda ƙwarai cewa an ba shi nauyin majiyyaci kuma shi ke da alhakinsa, sannan ya ƙi yarda cewa yana samun na gaba da shi in ya nema. Wanda ya karanta jadawalin daga nesa zai ce madalla, ana sakar wa yaran nan mara. Ni da na tsaya a kan matar nan mai jijjiga na san da wuya haka abin yake. A inda aka gina ma'aunin, a ba ka 'yanci na nufin malami ya ja da baya yana kallonka. A nan yana iya nufin babu kowa a ɗakin sai kai. Maki 4 ne duka biyun, kuma in na haɗa jimilla, na sama zai rufe na ƙasa, sakamako ya fito da kyan gani.

Na rubuta wa kwamitin ɗa'a ina neman izinin ƙara hira ta baki da waɗanda suka yarda. Farfesa ya ce zai ƙara mini wata biyu a aiki. Na ce na ji, na ɗauka.

Asabar, 26 ga Afrilu

Izini ya fito ranar Laraba. Yau na yi hira biyu a lambun Gamji, bakin kogi, nesa da kowane asibiti. Na ce kowa ya yi da harshen da ya ga dama. Duka biyun da Turanci suka fara, ba a yi minti biyar ba suka koma Hausa.

Ta farko tana shekararta ta biyu. Na karanta mata jimlar nan ta ɗaukar nauyin majiyyaci na tambaye ta me ke ranta lokacin da ta amsa. Ta ce, "Anti, ai gaskiya na faɗa. Nauyin a kaina yake. In mara lafiya ya mutu ni za a tambaya." Na ce nauyin daidai yake da matakinki? Ta daɗe tana kallon ruwa, sannan ta ce ba ta taɓa tunanin tana da damar cewa ya fi ƙarfinta ba. Ta ba ni labarin jaririn da aka kawo mata da toshewar hanji tun ba ta taɓa sa wa yaro ƙasa da shekara biyar barci ba. Ta kira, aka ce ta fara ana zuwa. Da aka zo har an fara ɗinki.

Ta kuma yi maganar da ban sa a takarda ba. Jerin binciken lafiyar tiyata da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008, mai abu 19, ya tanadi a dakata kafin a sa wuƙa, kowa ya faɗi sunansa da abin da ke damunsa game da majiyyacin. Ta ce ana karantawa, amma ita ba ta taɓa buɗe baki a wannan dakatawar ba. Sau ɗaya ta san jinin da aka tanada bai isa ba, ta yi shiru, don likitan fiɗan sa'an mahaifinta ne kuma tun safe yake cewa masu sa barci na ɓata masa lokaci. Sai ta raɗa wa nas, nas ta faɗa.

Na biyun namiji ne, matakinmu ɗaya. Shi na tambaye shi wane ne malamin kirki. Bai yi dogon tunani ba. Ya ce akwai wata babbar likita da in za ka zura bututu takan tsaya a kafaɗarka ta dama, hannayenta a baya, ba ta cewa komai sai in na'urar yatsa ta fara sauya murya. In ka kasa sau ɗaya ta ce ka ba shi iska, ka gyara matashi, ka sake. In ka kasa na biyu ta karɓa ba tare da ta ɗaga murya ba, bayan an gama ta ja ka gefe ta zana maka maƙogwaro a bayan takardar magani. Ya ce, "Wallahi ranar da nake tare da ita har ɗokin zuwa aiki nake." Sannan ya faɗi na wani da ke fizge abin leƙa maƙogwaro daga hannunka a gaban ɗalibai da nas-nas. Ya ce a wurin wannan ya koyi ɓoye abin da bai sani ba, kuma har yau yana fama da halin.

Na tambaye shi wanne ya tuna da yake cike jimlolin malamai. Ya ce ya raba biyu ne ya ba da tsakiya. Ga wata hanyar da "ban tabbata ba" ke shigowa, daga mutumin da ya tabbata sarai.

Talata, 6 ga Mayu

Hira ta kai shida. A huɗu daga ciki, da na ce wa ya koya maka allurar baya ta farko, amsar ba likita ba ce. Nas ne mai sa barci. A manyan asibitocin jiha da na ƙananan hukumomi da yawa a Arewa su ne ke riƙe da aikin, wasunsu tun kafin a haife mu.

Yau na zauna da ɗaya daga cikinsu a ɗakin shan shayi, dattijo da ya kusa ritaya, ba don bincike ba, don ba ya cikin waɗanda aka ba ni izini a kansu. Na ce, "Baba, ka san yaran nan kai suke kira malaminsu?" Ya yi murmushi ya ce, "'Yata, ni dai ba na son in ga yaro yana soka allura yana karanta Ƙulhuwallahu don tsoro. In na ga haka sai in matso." Ya gaya mini shekarun da ya yi a wani asibitin karkara da allurar sa barci ta ketamin da fitilar hannu, yatsansa a kan jijiyar majiyyaci don babu na'ura.

ATEEM na cewa "malamaina", kuma ban fayyace wa masu amsawa su wa ake nufi ba. Wani da manyan likitoci ya auna, wani da na gaba da shi a horo, wani da Baba. Ba zan iya gyara wannan yanzu ba. Zai shiga babin gazawar bincike, kuma na ƙara tambayar a sauran hirarrakin.

Litinin, 19 ga Mayu

Na sabunta jerin sunayen masu horo don in san cikin mutum nawa aka amsa mini. Tun Janairu mutum biyu sun tafi, ɗaya Ingila, ɗaya Saudiyya. Ban sani ba ko takardunsu na cikin akwati, kuma haka ya kamata.

Na kai wa Farfesa fasalin sakamakon. Na shiga da fargaba, don shi ma yana cikin malaman da aka auna. Ya karanta a tsanake, ya cire tabarau, ya ce in zauna. Ya lissafa mini ranar Alhamis ɗinsa: tebur uku na tiyata a lokaci guda, ɗakin masu tsananin jinya, ɗakin haihuwa, lacca ga ɗaliban aji biyar, taron hukumar asibiti. Ya ce, "Dakta, in na tsaya a kafaɗar ɗaya, na bar biyu ke nan. Ki rubuta abin da yaran suka faɗa, kada ki rage ko kalma. Amma ki rubuta mu nawa ne." Ban taɓa jin ya yi magana haka ba. Na shigo aikin nan da haushin daren da aka bar ni ni kaɗai, yau na ga wanda bai ɗauki waya ba shi ma shi kaɗai ne a nasa ɗakin. Wannan bai wanke mai fizge kayan aiki a gaban ɗalibai ba. Ƙarancin ma'aikata ba ya sa mutum wulaƙanci. Abu biyu ne daban, kuma dole kundin ya raba su, domin ɗaya sai gwamnati ta ɗauki mutane, ɗayan kuwa sashe zai iya gyara shi gobe da safe.

Mun yarda ba zan dogara da jimillar maki ba. Kowane ɓangare zai fito shi kaɗai, 'yancin aiki kusa da sa ido a shafi ɗaya, maganganun hira a ƙarƙashinsu. Zan lissafa alfa ta Cronbach ga kowane ɓangare, a ga ko jimlolinsa na tafiya tare. An saba karɓar 0.7 zuwa sama. Da ƙarancin mutanenmu ba zan matsa wa lambobin su faɗi abin da ba za su iya ba.

Alhamis, 12 ga Yuni

Hutu ne yau, ruwa ake yi tun asuba, na samu zama. Hira tara a hannu, na rubuta bakwai kalma da kalma. Minti arba'in na magana na cin mini kusan awa huɗu, don ina rubutawa da Hausa yadda aka faɗa sannan in mayar Turanci saboda kwaleji. Wata ƙawata malamar harsuna tana mayar da Turancin Hausa ba tare da ta ga na asali ba, mu ga abin da ya zube a hanya. Kalmar "kara" ta ƙi fassaruwa. Zan bar ta yadda take in yi mata bayani a ƙasa. Duk inda labari zai iya nuna mai shi na sauya jinsi ko irin tiyatar, kuma kowa zai ga nasa kafin ya shiga kundi. Ta farkon nan ta lambun Gamji ta karanta abin da na rubuta a nan, ta ce in bar shi.

Akwatin asibiti na uku zai zauna har ƙarshen wata, don mutum uku na can suna hutun jarrabawa lokacin da na raba. Farfesa ya nemi a ba ni minti ashirin a taron sashe na watan gobe in gabatar da abin da aka samu, manya da ƙanana a zaune. Abu ɗaya zan roƙa a wurin: duk wanda ya yi aikin dare shi kaɗai, a samu babba ya zauna da shi minti goma da safe su bi takardar majiyyacin tare. Saura hira biyu, ɗaya ranar Asabar a Barnawa, ɗayar sai mai ita ta sauko daga kwanan aiki.